Me ke ba mu dariya idan aka kwaikwayi babban mutum?

Telan Fagge

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ne a Fagge, nan cikin Kano, shekarata 22 ina taka keke. Wata tambaya ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ce bari in kawo ta gaban jama'a ko Allah zai sa a dace.

Cikin yaran da ke koyon aiki a wurina akwai wani, bai wuce shekara 19 ba. Allah ya ba shi kunne. In mutum ya yi magana a gabansa sau biyu sau uku, shi ke nan ya ɗauke shi, da murya da tafiya har da yadda yake tura hula gaban goshi. A goman ƙarshe na azumin 2025 ɗinkin sallah ya sha mana kai, a shago muke kwana. Wani dare wajen ƙarfe biyu aka ɗauke wuta, man inji kuma ya ƙare. Mu shida muna zaune da fitilar waya, ido ya yi jawur, ga shadda tuli guda ko yanka ta ba a yi ba, kowa ransa a ɓace. Sai yaron nan ya tashi tsaye. Ya goya hannuwa a baya, ya miƙar da wuya, ya ɗan ƙanƙance ido kamar mai karanta takarda, ya yi shiru har sai da duk muka ɗago muka dube shi. Sannan ya buɗe baki da muryar Janar Buhari, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, da irin doguwar tsayawar nan tasa a tsakiyar zance. Ya ce a miƙo masa almakashi. Ya tsaya. Ya ce kuma duk wanda aka samu ya ɓoye alli, doka za ta yi aiki a kansa.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Mai yi mana guga sai da ya ajiye dutsen gawayi ya fita waje riƙe da ciki. Ni kaina har da hawaye. Gajiyar nan duk ta tafi, muka aika aka nemo mai, muka yi aiki har sahur.

Ga inda kaina ya ɗaure. Tun takararsa ta farko a 2003 nake jin mutumin nan a rediyo, ban taɓa yin dariya don ya yi magana ba. Maganar almakashi kuwa ni nake faɗarta sau goma a yini, babu mai ko murmushi. Muryar ba ta ba da dariya, maganar ba ta ba da dariya, to me ya faru da suka haɗu a bakin yaron?

Na biyu. Ranar sallah ya zo gaishe da Hajiyata. Yara suka matsa masa, ya yi musu tsayuwar Ronaldo in zai yi bugun tazara, ƙafa a ware, ƙirji a gaba, yana huci. Yara har birgima. Hajiya ta dube ni ta ce, "Yaron nan lafiyarsa kuwa?" Amma da ya juya ya ɗauko muryar wani mai karanta sanarwa a rediyon da take ji kullum da safe, sai ga Hajiya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Na uku shi ya fi tsaya mini a rai. Allah ya yi wa Buhari rasuwa a Landan ranar 13 ga Yulin 2025, aka binne shi a Daura. Bayan kamar mako uku wani mai kawo mana ɗinki ya ce wa yaron ya yi masa. Ya yi, daidai da yadda ya yi a daren nan, ko ɗigo bai rage ba. Shago ya yi tsit. Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya jiƙansa, muka ce amin, yaro ya koma kan kekensa.

Yanzu yana so ya fara ɗora abin a TikTok. Abokansa suna zuga shi wai akwai kuɗi, suna ba shi misali da MC Tagwaye da ya yi suna ta wannan hanya. Mahaifinsa kuma amanarsa ya ba ni hannu da hannu. Ba na so in hana shi abin da ban gane ba, ba na kuma so in sake shi ya faɗa cikinsa ido rufe. Don Allah masu sani, mene ne ainihin abin da ke ba mu dariya a kwaikwayo?

Malamar Hausa, Zariya

Wa alaikumus salam Malam. Bazazzagiya ce za ta amsa wa Bakano, amma yau na ajiye wasan da ke tsakaninmu, don tambayarka ta taɓo abin da nake koyarwa a aji.

Amsar ta farko tana cikin karin maganar da kowa ya sani: kama da wane ba ta wane. A ɗan tsakanin nan dariyar take zaune. Da a ce a daren nan ba ku ga yaron ba, muryar kawai kuka ji daga bakin ƙofa, kuka kuma yarda tsohon shugaban ƙasa ne ya shigo, ai ba dariya za ku yi ba, zabura za ku yi kowa ya gyara zama. Abin da ya faru shi ne ido yana ce muku ga yaronku da silifas da zare a gashi, kunne yana ce muku ga wanda ya mulki ƙasa, kuma babu mai ƙarya a cikinsu. Zuciya ta rasa wanda za ta bi, sai abin ya fashe ta baki. Ya kuma ƙara muku da wani: muryar da aka saba ji tana zancen kasafin kuɗi da tsaro, yau ga ta tana cigiyar almakashi.

Wannan kuwa tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, ita ce ta 'yan kama. Ina 'yar shekara 11 aka yi bikin yayata a Tudun Wada, wani ɗan kama ya shigo tsakar gida da yaransa biyu. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga kai, ya saki muryar wani babban mawaƙin fada da duk tsofaffin gidan suka sani. Karin waƙar bai canza ba, amshin bai canza ba, har inda mawaƙin yake jan numfashi ya yi kirari yana nan. Sai dai a gurbin sarki da dawakai da mazajen fama, tuwon shinkafa ake wa kirari, miyar taushe ce gimbiya, ludayi ne sarkin yaƙi. Kakata, wadda ban taɓa ganin haƙoranta a gaban baƙi ba, ta kwance bakin zani ta ba shi kuɗi tana share ido. Mu yara mun yi dariya don an ambaci tuwo. Su manya tasu dariyar daban ce, don sun san asalin waƙar, suna jiyo ta gasken tana tafiya a ƙarƙashin ta wasan.

Ka dubi tashe ma, da yara ke farawa in azumi ya kai goma. Ɗan shekara 8 ya manna auduga a haɓa, ya tokara sanda, ya ranƙwafa, ya zama tsoho. Ka dubi wasan gauta, inda matan gidan sarauta ke naɗa rawani, wata ta zama sarki, wata waziri, wata alƙali, su yi zaman fada da shari'a, masu sarautar na gaske suna kallo. A duk ciki abu ɗaya nake nuna wa ɗalibaina: mai ƙaramin ƙarfi ne ke ɗaukar muryar mai babban ƙarfi. Da hakimi ne ya tsaya a fada ya kwaikwayi tafiyar sarki, babu mai dariya, sai dai a fara kallon-kallo, don ana iya cewa gadon yake so. Yarinya da aron rawani kuwa ba ta neman gadon kowa. Gwargwadon nisan da ke tsakanin mai kwaikwayo da wanda ake kwaikwaya, gwargwadon dariyar. Tsakanin yaron shago da fadar shugaban ƙasa kuwa ai akwai tafiya.

Mai Zane

Malama ta yi bayani, Allah ya ƙara sani. Ni ta ƙofar sana'ata zan shigo, don zanen allon shaguna da bayan manyan motoci nake yi, wani lokaci da zanen barkwanci.

Maigida, ina so ka gwada wani abu. Nemo tsohon jawabin marigayin a waya, ka ƙirga daƙiƙa nawa yake yi in ya tsaya, sannan ka ƙirga na yaronka. Zan yi mamaki in na yaron bai fi tsawo ba. Mai kwaikwayo ba ya kwafe mutum gaba ɗaya. Abu biyu ko uku yake zaɓa, waɗanda mutumin ya bambanta da sauran jama'a a kansu, ya ja su su ɗan wuce misali, ya watsar da ragowar. Haka muke yi da alƙalami. In na zana jar hula a kan fararen kaya, ko ban sa hanci da baki ba, babu Bakanon da zai tambaye ni ina na dosa. Hoton kyamara ya fi zanena gaskiya, amma ba wanda ke dariya don ya ga hoton fasfo.

An ma gwada wannan. A 1987 wasu masu bincike, Gillian Rhodes da abokan aikinta biyu, sun sa kwamfuta ta zana fuskokin mutane da layi kawai, wani zanen daidai da fuskar, wani an ƙara wa siffofin gishiri. Waɗanda suka san masu fuskokin sun fi saurin gane zanen da aka ƙara wa gishiri. Wato ƙwaƙwalwa ba duk fuskar take ɗauka daidai wa daida ba, inda ta saɓa da sauran fuskoki take riƙewa da kyau. Murya ma haka nake ganinta. Sama da shekara 20 kana jin wannan tsayawar, ta zauna a kanka ba ka taɓa ba ta suna ba. Yaro ya ciro ta ita kaɗai ya ajiye a gabanka. Shi ya sa in ka lura, abin da ke fara fita bakin mutane cikin dariyar shi ne, "Wallahi haka yake yi!" Daɗin ganewa ne, kamar ka tsinci abinka da ba ka ma san ya ɓata ba.

Wani masanin falsafa Bafaranshe, Henri Bergson, ya yi rubutu kan dariya a 1900, ya ce abin da ake iya kwaikwaya a jikin mutum shi ne abin da yake maimaitawa ba da saninsa ba, kamar inji. Kai tela ne, ka fi ni gane wannan. Babban mutum muna ganinsa kamar a haɗe ya sauko daga sama. Mai kwaikwayo sai ya juya rigar, ya nuna mana inda ɗinkin ya bi. Ashe ita ma yanka ta aka yi aka haɗa, har wani yana iya ɗauka ya sa.

Ɗan Damagaram

Salamu alaikum. Ina gaida Malam Tela da mutanen Kano. Da na karanta zancen wasan gauta sai na ce ba zan yi shiru ba, don mu a Damagaram muna da wasan kara, kuma na yi shi da hannuna.

Zamanin Janar Seyni Kunce ne, wanda ya karɓi mulkin Nijar a 1974 ya riƙe har rasuwarsa a 1987. Wanda bai ga lokacin ba da wuya ya gane. Mutum ne da kan faɗo ma'aikata ba sanarwa, wanda ya tarar bai zo aiki ba ya shiga uku. A majalisar hira in za a ambaci gwamnati sai an waiga hagu da dama. To a cikin wannan hali, in an gama girbi, mu matasan samariya sai mu kafa tamu gwamnatin. A naɗa shugaban ƙasa, da ministoci, da farfe, wato gwamnan yanki, da jandarmomi, da likita, da 'yan jarida. Kayan aikin duk na kara ne: bindiga ta kara, tabarau na kara, agogo na kara, har jirgin saman da shugaba zai sauko daga ciki. Ni mai ɗaukar hoto ne. Kwana huɗu na yi ina haɗa kyamarata da ƙafafunta uku, ina fere ɓawon kara ina sokawa cikin totuwa, yatsuna duk yanka.

Wanda ya fito a shugaba ɗan unguwarmu ne, siriri, mai gyaran keke. Ya sauko daga jirgin kara fuska a murtuke, bai kalli kowa ba, ya bi layin soji yana duba maɓallin rigar kowane. Ya tsaya gaban wani, ya ɗaga yatsa ɗaya. Yatsan nan kawai, fili ya kece da dariya, har da farfe na gaske da ke zaune a rumfa da muƙarrabansa. Na tuna wani dattijo kusa da ni yana dariya yana toshe baki da hannun riga, yana kuma waige, jikinsa bai gama yarda an halatta ba.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne tsoro ma mafita yake nema. Shekara guda kana haɗiye shi, ran da ka ga abin tsoron a jikin mai gyaran keke riƙe da sandar kara, sai ya fito maka ta dariya. Ku ma a daren nan ba a banza ba ne, gajiya da ɓacin rai sun cika ku taf, yaro ya huda muku.

Amma kar a ɗauka ƙiyayya ce. Mai gyaran keken nan ba ya yarda a zagi Kunce a gabansa. Ba ka iya kwaikwayon wanda ba ka zuba wa ido ba, kuma sau tari wanda ya burge ka kake zuba wa ido. A Faransa tashar Canal+ ta yi shekara 30, daga 1988 zuwa 2018, tana wasan 'yan tsana masu kama da 'yan siyasa. 'Yar tsanar Jacques Chirac ta sha zolaya, amma da yawa a can sun ce ita ta sa matasa suka ga yana da daɗin sha'ani kafin ya ci zaɓen 1995.

Ɗan Zango a Bronx

Maigida sannu da aiki. Ni haifaffen Zangon Kumasi ne, tasi nake ja a Niyok tun 2002. Maganar Hajiya da Ronaldo ce ta jawo ni, don ni ma na zauna a kan tabarmarta.

Akwai shirin barkwanci da ake yi a talabijin a nan daren Asabar tun 1975, Saturday Night Live, kwaikwayon shugabanni da taurari shi ne rabin abincinsu. Shekarun farko in na zauna da abokan aiki ana kallo, su suna faɗuwa, ni ina zaune kamar an dasa ni. Turancin ina ji, mutanen ne ban sani ba. Sai a 2008, lokacin zaɓen Obama, ina yini da rediyo a mota har na haddace muryar kowane ɗan takara. Wata mai barkwanci, Tina Fey, ta fito a Sarah Palin, gwamnar Alaska da ke takarar mataimakiyar shugaban ƙasa. Tana buɗe baki dariya ta ƙwace mini tare da kowa, a lokaci guda. A daren na san na fara zama ɗan gari. Dariyar kwaikwayo ta 'yan gida ce, wanda bai san wane ba wani mai motsi kawai yake gani a gabansa. Hajiya ba ta san Ronaldo ba, amma mai sanarwar nan da shi take karyawa kullum.

Sai dai ga inda za ka ja kunnen yaronka. Palin ta ce a wata hira akwai tsibiri a Alaska da ake hango ƙasar Rasha daga kansa, kuma haka ne. Tina Fey ta mayar da maganar wai daga gidanta take hango Rasha. Har yau akwai Amurkawan da za su rantse Palin ce ta faɗi haka da bakinta. In kwaikwayo ya yi kyau, maganar da ka sa a bakin mutum manne masa take yi, ba ta wankuwa.

Su kansu manyan kowa da yadda yake ɗauka. Bush babba, bayan ya faɗi zaɓe a 1992, ya gayyato mai kwaikwayonsa Dana Carvey fadar shugaban ƙasa, ya sa shi ya yi a gaban ma'aikata, suka kuma ƙulla abota. Trump kuwa daga 2016 ya sha nuna fushinsa a Twitter kan yadda Alec Baldwin yake yin sa.

Shirun da shagonku ya yi ma an taɓa ganin irinsa a nan. A 1962 wani saurayi, Vaughn Meader, ya yi faifan kwaikwayon Shugaba Kennedy, aka sayi miliyoyi cikin 'yan makonni. Ranar 22 ga Nuwamban 1963 aka harbe Kennedy a Dallas. Kantuna suka janye faifan daga kasuwa, aka soke wasanninsa, sana'ar ta mutu daga ranar. Muryarsa ba ta canza ba. Da, in ya yi, mutane suna da na ainihi a gefe suna gwadawa. Da na ainihin ya tafi, sai muryar ta koma tana tuna musu abin da suka rasa.

Almajirin Malam

Assalamu alaikum. An yi bayani mai kyau kan dalilin dariya, amma Malam Tela ya ambaci amana, don haka dole a faɗi ɗaya gefen. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, aya ta 12 ta hana giba. Akwai kuma hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, a wajen Abu Dawuda da Tirmizi: ta kwaikwayi wani mutum a gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, sai ya nuna mata shi ba ya son ya kwaikwayi kowa ko da za a ba shi kaza da kaza. Imam Nawawi ya lissafa kwaikwayon tafiyar mutum, kamar ɗingishi ko sunkuyo, da nufin rage masa daraja, a cikin giba. Giba ba sai da harshe ba.

Kasancewar mutum sananne ba ta cire masa haƙƙinsa ba. Shi ma yana da 'ya'ya da ke riƙe da waya. Ma'aunin da malaminmu ke ba mu shi ne, da mutumin zai yi sallama ana cikin yi, za ka ci gaba ko za ka haɗiye? Abin da ya shafi halitta, in'ina, ɗingishi, ciwo, tsufa, wannan a nisance shi gaba ɗaya, Allah ne ya yi. Ragowar ka kai yaron wurin malamin da kuka yarda da shi, ya ji daga bakinsa.

Mai Zane

Ƙari kan na Malam, ko ta fuskar doka a kula. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu samari biyu 'yan TikTok bulala 20-20 da tara da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon barkwanci da suka yi kan gwamnan lokacin. Abin da aka yi a shago tsakanin mutum shida, a shago yake kwana. Na waya kuwa ba ka san hannun da zai faɗa ba.

Telan Fagge

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan la'asar na zaunar da yaron na karanta masa duka. Mai Zane, mun gwada. Tsayawar yaron ta kusa ninka ta marigayi, shi kansa bai san yana ƙarawa ba. Na tambaye shi ta ina yake fara kama mutum. Ya ce, "Maigida, ba murya nake fara ji ba, numfashi nake ji. In na gane inda mutum yake tsayawa ya shaƙi iska, muryar da kanta take zuwa."

Mun yi magana. Ba zai taɓa halittar kowa ba, ba zai kuma sa wa kowa maganar da za a ɗauka da gaske ya faɗa ba. Zancen TikTok mun ajiye shi sai mahaifinsa ya zo daga ƙauye, mu je wurin limaminmu mu uku.

Ɗan Zango, maganarka ta ƙarshe ta tono mini wani abu da ban yi niyyar faɗa ba. Mahaifinmu goro yake sayarwa, ya rasu a 2016. Yana da wata ɗabi'a. In ya dawo daga kasuwa da magariba, sai ya tsaya a zaure ya yi gyaran murya sau biyu, na biyun ya fi na farkon tsawo, sannan ya ja sallama, kafin a gama amsawa ya tambaya ko an ba akuya ruwa. Kullum haka, shekara da shekaru. Yana da rai autanmu yakan yi wannan a ɓoye, mu yi ta dariya a ɗaki muna toshe baki.

Babbar sallar da ta wuce duk mun taru a gidan Hajiya, 'ya'ya da jikoki, ana suyar nama. Auta ya fita sayo ƙanƙara. Da ya dawo, ban san abin da ya faɗo masa a rai ba, sai muka ji gyaran murya daga zaure. Ɗaya. Sannan na biyun, mai tsawon. Hajiya tana kan tabarma, wallahi sai da ta yunƙura ta jawo mayafi ta gyara ɗaurin kallabi kafin ta tuna. Ya ja sallamar, ya tambayi akuya, alhali tun bayan rasuwar babu akuya a gidan. Ta fashe da dariya, mu ma muka fashe, tata dariyar ba ta tsaya ba har ta juye kuka. Auta ya shigo jiki a sanyaye, ya durƙusa zai ba ta haƙuri. 'Yata ƙarama, wadda aka haifa bayan rasuwarsa, ta ja mini riga ta ce muryar wa ce. Na ce ta kakanki ce.

Hajiya ta share fuska da gefen mayafi, ta dubi auta ta ce, "Tashi ka koma zauren. Sake yi, yaran nan su ji da kyau."